Kunun Gayya da Sunan Yaya Ilu

Da daminar bana shekara arba'in da biyar ke nan da muka binne yayana Iliyasu, wanda kowa ya fi sani da Ilu. A tsawon waɗannan shekaru an haifi yara maza a gidanmu har na fara rikita wane ɗan wane ne. An yanka raguna, an raba goro, an mayar da sunan mahaifinmu, an mayar da na kakanmu, har da na wani malami baƙo da ya yi damina ɗaya a zaurenmu ya wuce. Ba a taɓa mayar da Iliyasu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, a garinmu sunan ya zama zagi. Idan yaro ya fara jan ido yana yi wa manya tsawa, uwarsa ba ta cewa ya lalace, cewa take yi ya kama hanyar Ilu. Masu faɗin haka a yau, da yawansu ko iyayensu ba su taɓa ganinsa ba.

Na san an saba ganin irin wannan shafi cike da yabo da lallausan harshe. Ku yi mini afuwa, ni da fushi na zo. Na haura saba'in, haƙora sun zube, ido ya yi rauni, amma fushin nan bai rage komai ba. Abin da nake nema ɗaya ne, a wanke sunan ɗan'uwana tun ina da rai, domin in na tafi ban ga wanda zai buɗe baki ba.

Garin namu ƙauye ne a ƙasar Faskari, ba nisa da Ruwan Godiya. Ba zan kama sunansa ba, mutanensa sun san kansu. Ilu ya girme ni da kaɗan. Ni aka kai boko, shi aka bari da garma, kuma bai taɓa ganin an cuce shi ba, ni yake yi wa kallon wanda aka cuta. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙafa, ga wushirya, ga tsokana. In na dawo hutu sai ya kama tafin hannuna ya juya a gaban mutane, ya ce, "Ku dubi hannun Malam Haruna, ko kaza ba ta tsoron mari nai." Ba ya shan taba, goro ma sai an matsa masa. Masu gadon zaginsa ba a gaya musu wannan ba.

Yaran yanzu ba su san gayya ba sai a baki. Idan aiki ya fi ƙarfin mai gona, ciyawa ta rufe shuka ko huɗa ta matso, sai ya aika wa samarin gari da goro, ya sa rana. Ba a biyan kowa. Abin da ke kansa shi ne tuwo da kunu da makaɗi. Samari su jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, ganga tana bin su a baya. Wanda ke kama kunyar farko shi ne barde. Shi ke sa wa sauran sauri, shi makaɗi ke yi wa kirari, kuma gayyar da babu barde a cikinta ba a ɗaukarta da daraja. Ilu ne barden garinmu tun kafin ya yi aure. Sunansa ya kai ƙauyukan Ƙanƙara, ya kai Damari, ana aiko masa da goro daga wuraren da bai taɓa takawa ba.

Gayya tana da ladubbanta, biyu daga ciki su suka shafi wannan labari. In an kawo kunu, ƙwaryar farko ta barde ce, babu mai kai baki sai ya sha. Sannan ba a tambayar mai gayya abin da ke cikin ƙwarya, ba a kuma mayar masa da ita. Wanda ya ture ƙwaryar mai gayya daidai yake da wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce wane ya zuba mini sammu. Kakanninmu sun kafa wannan ne don a amince da juna, a zamanin da duk abin da ke cikin kunu daga rumbun gidan da bishiyar bayan gida ya fito, gero ne da tsamiya da ɗan yaji. Ba su san wata rana za a zuba abin da ya ƙetaro teku ba.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Mu ba mu ga kuɗin ba, samarinmu muka gani suna tafiya. Wannan ya tafi Kaduna kwaɓa siminti, wancan ya tafi Kano gadi, wani ya bi mota sai bayan shekara a ji labarinsa. Gayyar da a da take cika gona ta koma rabi, ga auduga ba ta san an yi arzikin mai ba, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Masu gona suka shiga neman yadda 'yan samarin da suka rage za su yi aikin waɗanda suka tafi. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Damari, ina hawa keke in zo gida ƙarshen mako, saboda haka abin da zan faɗa wani da idona na gani, wani daga bakin Ilu na ji.

Akwai wani ɗan garinmu, sa'an Ilu, malalaci na ƙin ƙarawa, wanda bai taɓa kai kunya ƙarshe ba tare da ya nemi inuwa ba. Ya zama yaron mota a wata babbar mota mai kai shanu Legas, wadda tsofaffinmu ke kira Ikko, daga nan aka laƙaba masa Ɗan Ikko. Motar takan sauka da shanu ta hau da kaya. Shi ya fara kawo mana rediyo mai kaset da agogon hannu da madarar gwangwani, yana zama a bakin kasuwa yana ba da labarin jiragen ruwa da suka yi layi a teku suna jiran a sauke musu kaya. A ƙarƙashin kujerar direba kuma akwai wasu gwangwanaye da ba ya bajewa a tebur. Ƙwayoyi ne farare ƙanana, ana ce musu a-ji-garau. Ya ce maganin gajiya ne, shi Turawa ke sha, shi ya sa suke aiki ba dare ba rana har suka ƙera jirgin sama. Na taɓa ɗaukar gwangwanin na jujjuya. Rubutun da ke jiki ba Turancin da na koya ba ne, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba, shi ma mai sayarwar bai iya ba.

Da ya tara abin hannu sai ya sayi gona, ya kira gayya. A nan aka fara. Ya sa aka daka ƙwayoyin a turmi aka zuba a tukunyar kunu, aka ƙara tsamiya da sukari don ɗacin ya ɓace. Ilu ya karɓi ƙwaryar farko, ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa abokinsa Isa mai kama kunyar da ke kusa da tasa. Aikin da aka yi zaton zai kai la'asar, kafin azahar an gama, samari suna neman a nuna musu wata gonar. Makaɗi ne ya gaji, ba manoma ba. Ilu ya gaya mini bai runtsa ba har aka kira asuba, zuciyarsa tana bugawa kamar ana sussuka a ƙirjinsa, washegari kuma ya kasa ɗaga garma. Ya ɗauka zazzaɓi ne.

Sirrin bai daɗe ba. Duk mai gonar da ya ji an gama aikin yini a rabin yini sai ya bi Ɗan Ikko bayan rumfa. Kafin damina ta raba, da wuya a yi gayya a yankinmu ba a daka ba. Dattawa ne fa ke saye, masu furfura, masu sahun gaba a masallaci, ba 'yan iskan gari ba. Ina so a rubuta wannan da manyan baƙaƙe, domin daga baya duk sun manta.

Ilu ba wawa ba ne, ya gane. A gayyar wani dattijo maƙwabcinmu, Baba Audu, aka miƙo masa ƙwarya, ya shinshina, ya ajiye ta a ƙasa, ya ce shi ruwa zai sha. Ganga ta tsaya. Tun da barde bai sha ba babu mai sha, samari suka yi cirko-cirko. Baba Audu ya cire hula ya yar, ya ce shi da ya ɗauki Ilu yana jariri, yau shi ake yi wa zargin sammu a cikin gonarsa. Gayyar ta watse ba a yi rabin aiki ba.

Da yamma aka kira Ilu zauren mai unguwa, ina wurin. Ya ce shi bai ce sammu ba, amma abin da ake zubawa yana hana shi barci, yana sa hannunsa rawa. Aka juya ga liman. Liman, Allah ya gafarta masa, ya tambaya ko abin yana sa tangaɗi, aka ce a'a. Ya tambaya ko yana sa a manta salla, aka ce ai mai shansa ma shi ke riga ladan tashi. Ya ce to wannan ba giya ba ce, magani ne irin na asibiti, kuma ba a haramta magani ba. Na ce, Allah gafarta Malam, wane asibitin ne ya rubuta? Aka ce in yi shiru, ɗan boko bai san garma ba. Mahaifinmu, wanda kunya ta gama rufe shi, ya dubi Ilu ya ce, "Gobe ka tahi ka ba Audu haƙuri, ka sha ƙwarya tai gaban mutane. In ba haka ba, ba ni na haihe ka ba." Ilu ya sunkuyar da kai ya ce to. Washegari aka sake taruwa, ya durƙusa gaban Baba Audu, ya shanye ƙwaryar tas, dattawa suna sa masa albarka suna cewa yaro mai biyayya.

Mutum ɗaya na ji ya faɗi gaskiya a lokacin, shi ma ba mai sauraronsa. Wani tsohon Bamaguje ne daga unguwar da ke ƙetaren rafi, waɗanda mutanenmu ke yi wa dariya saboda su da giya suke gayyarsu. Ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam, kuna ƙyamar giya tamu. Tamu mun san dawar da anka yi ta, mun san matar da ta dahwa ta, in ta ɓaci mun san ƙohwar da za mu tsayawa. Taku hwa, ɗiyar wa ce?" Ba giya nake karewa ba, ban taɓa kai ta bakina ba. Na yi wa tsohon nan sai an jima na wuce.

Ga abin da mutanen garinmu ba sa so a tuna musu. Sauran samari gayyar garinsu kawai suke zuwa, su sha yau, su huta kwanaki. Barde kuwa kowace gayya da shi, yau nan, gobe ƙauyukan Ƙanƙara, jibi wajen Sabuwa, kuma ko'ina ƙwaryar farko tasa ce, a cika masa ita fal don girmamawa. Abin da wani ya sha a wata, Ilu ya sha a mako. Kafin damina ta biyu ta ƙare jikinsa ya daina tashi sai da ita. Nan ya fara zuwa bayan rumfa da ƙafarsa, har da rani, lokacin da babu gayya. Ba zan ɓoye wannan ba. Ya saya, ya sha, ya sayar da akuyar matarsa ya ƙara saye.

Ya rame ya zama kamar kara. Yana cizon haƙora, yana zargin kowa, in ya ga mutum biyu suna magana sai ya ce da shi suke. Tsokanar nan tasa ta koma faɗa. Matarsa Hanne ta goya jaririnsu Sani ta koma gidan iyayenta, kuma ban ga laifinta ba. Ranar wata kasuwa mahaifinmu ya yi masa faɗa a gaban jama'a, Ilu ya daka masa tsawa ya ce, "Kai ka ce in sha." Wannan tsawa ita ce abin da garinmu ya adana. An manta gonakin tsofaffi da na marayu da ya fitar daga ciyawa ba ko sisi, an riƙe tsawa ɗaya. Ba a ma riƙe abin da ya faɗa a cikinta ba.

Duk da haka ba su daina aiko masa da goro ba. Mutanen da ke hana 'ya'yansu zama da shi a dandali su ne ke turo 'ya'yan nasu da goron gayya ƙofar gidanmu. Na roƙe shi ya bari, na ce ya biyo ni Damari ya huta, in kai shi asibiti a Funtuwa. Ranar yana cikin hankalinsa, muna zaune a gindin ɗorawa. Ya ce, "Haruna, in ban kama kunyar hwarko ba, ni wane ne? Kai kana da alli." Ya yi dariya irin ta da, sai na ga ashe wushiryar ta faɗaɗa, haƙori ɗaya ya fita.

Ya rasu lokacin huɗa, a gayyar wani ƙauye ta wajen Ƙanƙara, da rana tsaka. Isa, wanda ya raka shi ranar, ya ce Ilu ya yi wa kowa nisa, sai aka ga ya durƙusa a kan kunya. Makaɗi ya ɗauka ƙotar garma yake gyarawa, ya ƙara wa ganga wuta yana zuba kirari. Sai da sauran suka cim masa suka tarar fuskarsa a cikin ƙasa. Babu likitan da ya duba shi, saboda haka ba ni da abin da zan nuna wa mai gardama. Na dai wanke gawarsa da hannuna, na ga abin da ya rage na mutumin da yake ɗaga buhun dawa shi kaɗai.

Motar da ta kawo gawar ta Ɗan Ikko ce, don a lokacin ya sayi akori-kura tasa ta kansa. Shi ya ba da likkafani, farin yadi mai kyau daga Legas. A zaman makoki ana ta sa masa albarka, ana cewa ɗan halak ne, bai manta abota ba. Na tashi na bar zauren, domin da na zauna da na yi abin da zai sa a ɗaure ni.

Bayan haka aka daina dakawa a kunu, shiru, ba sanarwa, ba wanda ya ce mun yi kuskure. Masu gona suka ce su don taimako suka yi, ai kowa ya sha bai mutu ba, shi ne ya zarce. Laifin gari guda aka tattara aka jibga wa wanda ba ya iya musu. Mahaifinmu bai ƙara ambaton sunansa ba har ya koma ga Allah, kuma ban san ko fushi ne ko kunya ba. Ɗan Ikko ya je aikin hajji ya dawo da haƙorin Makka, ya buɗe kantin magani, ya haƙa rijiya a ƙofar masallaci. Ya mutu a kan katifa cikin 'ya'ya da jikoki, kuma a unguwarmu kaɗai na san yara da dama masu sunansa. Na san ba a zagin mamaci. Ban zage shi ba, abin da ya yi na faɗa.

Amma shi ma ɗan aike ne. Shekaru bayan haka wani abokina mai harhaɗa magunguna a Kaduna ya warware mini. Ya ce irin waɗannan ƙwayoyi a masana'antun ƙasashen Turai ake yin su, kuma ƙasashen sun riga sun gane illarsu, sun kulle su, ɗan ƙasarsu ba ya samu sai likita ya yarda. Injinan kuwa ba su tsaya ba. Abin da aka hana 'ya'yansu sai aka loda a jirgi aka nemi inda ake da sabon kuɗi da ƙofa a buɗe. Mu ne masu sabon kuɗin. Wani kayan ya shigo ta Legas a tsakanin katan-katan na madara, wani ya sauka a Kwatano aka tsallako da shi. Mai masana'anta ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai fasa-ƙwauri, har abin ya gangaro hannun yaron mota da bai iya karanta gwangwanin ba. Kowannensu ya ci ribarsa, kuma ban da na ƙarshen babu wanda ya san akwai wani abu wai shi gayya, balle ƙwaryar farko. Ba su ƙi Ilu ba, ba su ma san an yi shi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce ƙiyayya ce.

Tun wancan zamani ake yi mana daɗin baki cewa duniya ta matso kusa, hanya ta buɗe, abin da aka ƙera a bangon duniya gobe yana hannunka. Ta matso, na yarda. Sai dai ban ga ta matso da likita ƙauyenmu da saurin da ta matso da ƙwaya ba.

Wani lokaci nakan ce, da Ilu zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga a-ji-garau ta zama wasan yara. Yanzu tiramol ne, an ce daga Indiya, kwantena-kwantena, mai ƙarfin da ba don majinyaci aka yi shi ba. Ba sai yaron mota ya kwana a hanya ba, ta waya ake ciniki, ta waya ake biya. Kaya ya sauka a tashar jirgin ruwan wata ƙasa, ya zagayo ta Nijar ko ya hau ta kudu, a ƙarshe a ɗaure shi a bayan babur ƙarƙashin burodi a shiga da shi daji. Yaran da ke fitowa daga dajin nan da bindiga su kore shanu su ƙone rumbu, ku tambayi duk wanda ya taɓa shiga hannunsu abin da suke haɗiya kafin su fito. Gonar da Ilu ya fara kama garma a cikinta mun yi damina da dama ba mu taka ta ba. Zai tambaye ni ina samarin gayya, in ce masa wasu suna kabari, wasu suna daji, wasu suna bayan tasha suna gyangyaɗi da kwalbar maganin tari a hannu.

Zai kuma ga hali bai canza ba. A kama yaro da ƙwaya a aljihu, a tuɓe masa riga, a zaunar da shi a ƙasa a ɗauki hoto, a ce an yi nasara. Mai kwantena kuwa ko ƙeyarsa ba mu taɓa gani ba. Daga ƙasashen waje kuma ake aiko mana da masana, su tara mu a otal su koya mana illar shaye-shaye, a raba ruwan gora, a tafa. An taɓa gayyata ta irin wannan taro a matsayin tsohon malami. Na ɗaga hannu na tambayi wa ke ƙera abin, wa ke ba shi izinin lodawa a jirgi, aka ce lokaci ya ƙure. Abin da garinmu ya yi wa Ilu shi manyan duniya ke yi wa garinmu, a zuba maka, a hana ka tambaya, in ka faɗi a ce halinka ne.

Kada a ce na mayar da shi waliyyi. Ya yi wa mahaifinmu tsawa, ya sa matarsa kuka, ya bar ɗa bai san fuskarsa ba. Shi ma na yi shekaru ina fushi da shi, domin na ba shi hanyar fita ya zaɓi kirarin makaɗi. Amma in za a auna mutum, a auna shi duka. A garin nan kaf, da malamansa da dattawansa, shi kaɗai ne ya taɓa ajiye ƙwaryar a ƙasa. Bai bar gida ba, bai bar shanu ba, wannan ne abin da ya bari, kuma shi ne ba a gaya wa jikokinsa.

Watan jiya aka yi wa ɗan Sani haihuwa, namiji. Sani shi ne jaririn nan da aka goya aka fita da shi, yanzu furfura ta fara masa, wannan kuma jikansa ne na fari. Duk muna zaune a cikin garin Faskari tun da mutanen daji suka tashe mu. Kafin ranar suna na kira Sani gefe, na ce lokaci ya yi da za a mayar da sunan mahaifinsa. Sai ya ce, "Baba Malam, ni anka kira ɗan Ilu tun ina makarantar allo. Da shi anka hana ni auren hwarko da na nema. Na san nauyin sunan ga, ba ni aza ma jariri shi." Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Bai yi ƙarya ba.

Ranar suna da safe aka taru a ƙofar gida, liman ya raɗa wani suna daban, mai kyau, aka shafa fatiha. A cikin tsofaffin da ke kan tabarma akwai waɗanda suka sha daga ƙwaryar da Ilu ya miƙa musu, har da Isa, wanda yanzu ake kira Alhaji Isa, yana dogara sanda. Da aka fara miƙewa ya matso kusa da ni, ya kama hannuna, ya kawo bakinsa daidai kunnena.

Ya ce, "Allah shi jiƙan barde. Wallahi mu munka kashe shi, Malam, mu duka."

Na ce, "Alhaji, ga jama'a ba su watse ba, ga Sani can tsaye. Ɗaga murya ka maimaita."

Ya dubi Sani, ya dubi mutane. Sai ya saki hannuna, ya zuba goronsa a aljihu, ya shiga neman takalmansa.